Ta ina ɓarawo ya shigo muku, me kuka gyara bayan nan?

Mai tambaya, Kano: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya da dare, ana tsaka da ruwa, aka haura mana katanga aka kwance batiran sola biyu. Ƙarar ruwa a kan kwano ta hana mu jin komai. Wanda abin ya taɓa faɗa wa ya ba mu shawara.

Wata uwa, Zariya: Allah ya mayar da alheri, ɗana. Mu a goman ƙarshe na azumi aka yi mana, duk gidan mun tafi tahajjud. Kwaɗo biyu na ƙofa ko taɓa su ba a yi ba. Kwano suka ɗaga ta bayan gida, suka fasa silin, suka diro ɗakina, kai tsaye sai inda nake ajiye sarƙa. Wanda bai san gidan ba ba zai yi haka ba. Yanzu ko biki za mu, sai an bar mutum ɗaya, kuma na daina barin masu gyara su shiga uwar ɗaka ba na tsaye.

Wani magini: Gaskiya ne, Hajiya. Mutane na kashe kuɗi a ƙofar ƙarfe su manta da sama. A ɗaga bulo har ya taɓa kwano tsakanin ɗaki da ɗaki, a ɗinke rodi saman silin. Fasassun kwalabe a katanga kuwa, buhu ko tsohon bargo ake shimfiɗawa a wuce.

Ɗalibi, Maraɗi: Ni ba a ma shigo ba. Raga aka yanka, aka zura sanda ta taga aka janye wayata tana caji. Na matsar da gado da soket.

Wani dattijo, Kaduna: Na sa kamara, ranar da aka zo babu wuta, ka ji aikin banza. Abin da ya yi mana magani shi ne zama da mai unguwa. Muka ɗauki 'yan sintiri, kowane gida na biya duk wata, kowa ya sayi usur. Gida ɗaya ya busa, layi gaba ɗaya ya tashi.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Mu sintirin ya watse ne saboda rabin layi ba sa biya. Ya kuka yi da irin waɗannan?

Dattijon: Bayan sallar asuba ake karanta sunayensu a ƙofar masallaci. Wata biyu kacal aka yi ana karantawa.