Kuɗin waƙa ɗaya gare ni: ta gudun baki ko ta Kakuri?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum. Akwai gasar gambara a Barnawa, Kaduna, nan da mako biyu, waƙa ɗaya ake turawa. Dubu 25 gare ni na situdiyo, ba ƙari. Ina da biyu a rubuce. Ta farko gudu ce zalla, in na yi ta a majalisa sai ihu. Ta biyu a hankali take, kan mahaifina ne da yadda ya zauna ba aiki bayan an rufe masaƙun Kakuri. Wacce zan ɗauka?

Sarkin Baiti: Ɗauki duka biyun mana, ka sake su a TikTok.

Ɗan Rigasa: Yaya, na ce kuɗin ɗaya gare ni.

Malali Boy: Gudu, mutumina. Eminem ya shiga kundin Guinness da Rap God ta 2013, kalma 1,560 cikin minti shida da 'yan daƙiƙu.

Anti Kabala: Ƙanena, Eminem Turanci yake yi. Hausa tana da karin sauti da dogon wasali. In ka yi gudu, gari na zama da garin tuwo duk ɗaya suke fita, kukan yaro ya koma kukar miya, ƙ da ɗ su narke. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi kaɗai yake riƙe taro, don kowace kalma tana isa kunne. Ka yi ta Kakuri, amma ka koyi inda za ka ja numfashi.

Tsohon Zuma: Ni gudun nan ne ya kashe ni. Wata uku ina atisaye, har biro nake sa wa a baki don harshe ya saki. Na sayar da wayata na biya wani furodusa a Tudun Wada dubu 40. Numfashi ya riƙa yanke mini a baiti na biyu, sai ya ce kar na damu, zai gyara a kwamfuta. Ashe ƙara wa muryar sauri ya yi. Ranar wasa aka ba ni makirfo, kiɗa ya tafi ya bar ni a tsaye, gaban yarinyar da nake nema. Da na koma ya ce faifan ya goge. Bayan wata biyu na ji kiɗana a bakin wani yaro. Har yau ban sake shiga situdiyo ba.

Malali Boy: Dubu 40? An yi maka aski ba ruwa. Ni 10 nake biya a Kawo.

Sarkin Baiti: 10 ɗin ɗaukar murya ce kawai. Da kiɗa da tacewa ba ta kasa 30.

Anti Kabala: Wani ya yi wa ƙanena komai a dubu 15 a Sabon Tasha.

Malali Boy: Anti, da girmanki, kin taɓa hawa dandamali? A bar masu yi su yi magana.

Anti Kabala: Mu muke saurare, mu muke sayen data. DJ AB ɗan garin nan ne, ka tambayi kanka me ya sa har yara ke bin baitinsa.

Tsohon Zuma: Wanda ya ƙone shi ya san wuta. Ka sa a rubuta cewa kiɗan naka ne, ka karɓi faifanka a filas ranar.

Baban Ummi: Mai son gudun baki ya je tashar Kawo ya ji kwandasta yana kiran Zariya, kyauta.

Ɗan Rigasa: To har yanzu wacce?

Sarkin Baiti: Kafin nan, an ce ku biya kuɗin fom? Bara mun biya dubu biyar-biyar a wata gasa, ƙanin mai shiryawa ya ci, kyautar ma ba wanda ya gani.

Malali Boy: Mu cewa aka yi kowa ya sayar da tikiti goma kafin ya taɓa makirfo.

Ɗan Rigasa: Fom ɗinmu dubu uku ne. Na riga na biya.

Tsohon Zuma: Sun ba ka rasit?