Wai ina OCBN ta shige ne, kuma mi ya hana jirgin ƙasan Doso tashi?

Ɗan_Talladje:
Salam jama'a, tambaya gare ni wajen manya. Duk wanda ke bin hanyar ayropor ta Yamai ya san dogon jirgin ƙasan nan da ke kwance, rairayi ya cinye shi wasu wurare, awaki na kiwo bisa. Wani tsoho a fadarmu ya ce tun kafin zuwan Bolloré, kamfanin Faransa da ya shimfiɗa dogon, akwai sosiyeten jirgin ƙasa da Nijar ke da hannu ciki, wai OCBN. To ƙaƙa mu da ba mu da dogo muka mallaki kamfanin jirgi? Kuma ina ta ƙare?

Tsohon_transiter:
Wa alaikumus salam ɗana. Tsohon nan bai yi ƙarya ba. A 1959 aka kafa ta tsakanin Nijar da Dahome, lokacin sunanta OCDN, da Dahome ta koma Benin a 1975 sai sunan ya bi ya zama OCBN. Dogon kam na Turawa ne, daga Kwatano ya haura ya tsaya Paraku a 1936, kilomita 438, niyyarsu a kai shi har bakin kogin Kwara amma nan ya tsaya cak. Shi ya sa muke ciki, kayan Nijar in sun sauka por (tashar jiragen ruwa) na Kwatano jirgi ke ɗauka zuwa Paraku, a nan a sauke a loda ma kamyo ya bi Malanbil ya ƙetare gada zuwa Gaya, Doso, Yamai. Gyaɗarmu ma hanyar ta bi zuwa teku. Sauke-lodin Paraku ɗin nan shi ya ci ta, buhu ya fashe, kaya su kwana a gar (tashar jirgin ƙasa) ana jiran wagon, ɗan kasuwa ya gane gara ya loda ma kamyo tun daga por sau ɗaya ya huta. Ga inji sun tsufa ba kuɗin gyara, har jirgin fasinja ya daina tafiya.

Hadiza_Tawa:
Baba ka bar rabin labarin ai. Ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba, a 2015 aka miƙa aikinta ga sabon kamfani Benirail da Bolloré ke jagora. Kafin nan a Afrilun 2014 Issoufou ya buɗe gar ta Yamai tare da Boni Yayi, shugaban Benin na lokacin, Janairun 2016 aka yi bikin Yamai zuwa Doso kusan kilomita 140. Amma tsakanin Doso da Paraku ba a haɗa ba, to jirgin ya ɗauko mi daga ina? Ga kuma Samuel Dossou, ɗan kasuwar Benin mai kamfanin Petrolin, ya kai ƙara ya ce shi aka fara ba kwangilar, kotun Benin ta ba shi gaskiya aiki ya tsaya, a 2018 Talon, da ya gaji Boni Yayi, ya ce Bolloré da Dossou duka su janye a nemi Sin.

Injiniya_Bachir:
Ni abin da ke bani haushi faɗin dogon, mita ɗaya aka shimfiɗa irin na zamanin Turawa alhali Najeriya sabbin layukanta duk mita ɗaya da milimita 435 ne.

Tsohon_transiter:
Malam Bachir na Benin ma mita ɗaya ne, da shi ake son haɗawa, in ka sa mai faɗi sai ka tone har Kwatano, wa zai biya? Hadiza ɗiyata kin yi daidai. Da aka rufe iyakar Gaya ma a 2023 kaya ta Lome da Burkina suka riƙa zagayowa.