Commodore 64 ta ƙi nuna hoto, ina mafita?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Tsohuwar kwamfuta ce gare ni, Commodore 64, 'yar Ingila. Fitilarta na kamawa, amma talabijin baƙi ƙirin. Daga ina zan fara? Kuma yaya ake zuba mata fayiloli?

Mai gyara, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake kunna ta tukuna. Sa mita a adaftar: bolt 5 DC da bolt 9 AC ake nema. Tsofaffin adaftocin nan in sun gaji sai biyar ɗin ta haura, ta ƙone RAM, wato ƙananan chip ɗin da ke riƙe bayanai a cikin kwamfutar. In wutar daidai take, kunna na minti ɗaya ka taɓa RAM ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙona yatsa ta mutu. In duk lafiya, zargi PLA, chip ɗin da ke daidaita aikin sauran, zafi ne ke cinye ta.

Baban Tudun Wada: Batun fayil, nemi SD2IEC, na'urar da ke karanta katin SD a madadin na'urar faifai. Ramin serial mai fil shida take shiga, ta sha wuta daga ramin kaset. Gyara katin SD zuwa FAT32, zuba fayilolin, rubuta LOAD"$",8 sannan LIST. Wasu wasannin masu dabarar loda sauri ba za su tashi ba, don ba ta kwaikwayon ƙwaƙwalwar 1541, wato na'urar faifai ta Commodore.

Ɗan Kongo: Yallaɓai, kada a jona ta da janareta kai tsaye, a sa sitabilaiza.