Amigdala: "cibiyar tsoro" ko "gyaɗar ƙwaƙwalwa"?

1/ Jama'a, masu rubuta kimiyya da Hausa, ina da ja a kan "cibiyar tsoro" da ake kiran amigdala da shi. Sunan yana da daɗin faɗa, amma ya tauye mata haƙƙi.

2/ Amigdala 'yan dunƙulen ƙwayoyin jijiya ne guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, can cikin ƙwaƙwalwa. Masu cewa tsoro suna da hujja. Masanin ƙwaƙwalwa Joseph LeDoux ya nuna cewa idan aka lalata ta a ɓera, ba ya koyon tsoron ƙarar da aka saba haɗa masa da jan lantarki.

3/ To amma ku duba abin da masu bincike Gottfried da O'Doherty da Dolan suka wallafa a 2003 daga Landan. Sun sa mutane cikin na'urar fMRI, mai bin sawun jini zuwa sashen da ke aiki, suna nuna musu hotuna, wani tare da ƙamshin banila, wani da na markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Da suka haddace, sai aka ciyar da su ɗaya daga cikin abincin har ya gundure su, aka mayar da su na'ura. Hoton da aka haɗa da ƙamshin abincin da suka ƙoshi da shi, amigdala ta yi sanyi a kansa. Ɗayan kuwa motsinta bai ragu ba. Ina tsoro a nan? Kwaɗayi ne da ƙoshi.

4/ A 2006 ma, a Jami'ar Columbia, an ga wasu ƙwayoyinta a birai suna amsa hoton da ke zuwa da lada, wasu na amsa mai zuwa da hura iska a fuska.

5/ Don haka ni na fi son a bi sura, kamar yadda aka yi tun asali: kalmar ta Girkanci ce, sunan ƙwallon almon, wanda ba kowa ya san shi a nan ba. Gyaɗa kuwa kowa ya taɓa ɓare ta, girman ma ba su yi nisa da juna ba. Shawarata: gyaɗar ƙwaƙwalwa.

6/ Idan wani malami ya ce ɗalibai za su yi dariya, su yi mana, ai ba za su manta ba. A ambaton farko a rubuta "gyaɗar ƙwaƙwalwa, wato amigdala", sannan a ci gaba da namu. 'Yan'uwa na Nijar da ke ce wa gyaɗa gujiya, ku ne za ku faɗa mana ko "gujiyar ƙwaƙwalwa" ta fi zama a bakinku.