Kuɗin 2020 sun ƙare, yaya ƙungiya za ta riƙe alƙawarin yaƙi da wariyar launin fata?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe a Amurka. Ina Minneapolis, shekara 8 kenan ina aiki da wata ƴar ƙaramar ƙungiyar sa-kai da ke tsaya wa baƙaƙen fata kan matsalar haya da korar mutane daga gida, da ƴan asalin nan da mu da muka zo daga Afirka. Da aka kashe George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya danne wa wuya a nan garin, ranar 25 ga Mayu 2020, kuɗi suka dinga shigo mana kamar ruwan Agusta, waɗanda da ko imel ɗinmu ba sa amsawa su ne ke kiranmu da kansu, muka ɗauki sabbin ma'aikata 5, kwamitin amintattu suka rubuta dogon alƙawari aka liƙa a shafinmu na intanet. To yawancin tallafin na shekara uku ne, duk sun ƙare, an sallami mutum 3 cikin biyar ɗin, sannan a mitin ɗin makon jiya wani ɗan kwamiti ya ce a cire kalmar "baƙar fata" daga shafin da kuma takardun neman tallafi wai don kar mu jawo wa kanmu. Wallahi ranar ban yi barci ba. Mutanen da nake rakawa kotu har yanzu su ne dai, ba abin da ya canja musu. Ƙungiyoyin da suka daɗe suna wannan aikin da me suka riƙe kansu in iska ta juya haka?

Baba_Zango:
Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya saka miki. Ni daga Kumasi na zo, na fi shekara 30 a Bronx, kuma wannan juyawar ba yau na fara ganinta ba. Ki dubi NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, tun 1909 take. A 1956 jihar Alabama ta hana ta aiki kwata-kwata, ta ce sai ta miƙa sunayen mambobinta, kin san kuma a lokacin in sunanka ya fita aikinka ya tafi, wataƙila har da ranka. Suka ƙi, aka je kotun ƙoli suka yi nasara a 1958, amma duk da haka sai 1964 suka samu komawa jihar. Shekara 8 a rufe ba su mutu ba, saboda talakawa ne ke biyan kuɗin mamba, malaman makaranta, masu wanki, ƴan dako a jirgin ƙasa. Haka ƙauracewa bas da baƙaƙe suka yi a Montgomery ta Alabama saboda wariya, kwana 381 mutane na tafiya a ƙafa, kuɗin man motocin da ke ɗaukar su wajen aiki daga majami'u yake fitowa da kuma mata irin su Georgia Gilmore da ke dafa abinci suna sayarwa. Irin adashin matanmu ne sak. Tambayata gare ki, cikin iyalan da kuka hana a kora daga gida, mutum nawa ne ke ba ku ko dala 5 a wata? In babu, to daga nan za ku fara.

Sadiq_Akanta:
Anti Maman Hanif ni ta ɓangaren lissafi zan shigo don aikina kenan, ina duba littattafan ƙungiyoyi irin naku a Ohio. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne amma dala biyar biyar ba za ta biya albashin lauya a bana ba, sai an haɗa da wasu abubuwan.

Matsalar 2020 ba rashin kuɗi ba ce, yadda suka zo ne. A garinku ma, Minnesota Freedom Fund mai biya wa mutane kuɗin beli a lokacin ƴar ƙarama ce sosai, cikin ƴan makonni aka tura mata sama da dala miliyan 30, ba ta da ma'aikatan da za su juya wannan kuɗin, nan take aka fara zaginta wai me ya sa ba ta kashe ba. Cibiyar bincike kan yaƙi da wariyar launin fata ta Ibram Kendi a jami'ar Boston ita ma a 2020 aka buɗe ta, ta tara sama da miliyan 40, Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, shi kaɗai ya ba da miliyan 10, zuwa Satumbar 2023 an sallami kusan rabin ma'aikata ko fiye, a 2025 aka rufe ta. Kuɗin lokaci ɗaya ne aka ɗora musu albashin kowane wata, shi ne abin da ya same ku ku ma, sai dai naku ƙarami ne.

Kuma kuɗi kala biyu ne a wannan harkar. Akwai mai igiya a wuya, wanda za a ce bita kaza za ku yi, mutum kaza za ku horar, rahoto duk wata uku, ko kuɗin wuta ba za ki biya da shi ba. Akwai kuma sakakke da ake ba ƙungiya a ce ku kun fi sanin inda ke muku ƙaiƙayi. Na biyun shi ke raya ƙungiya. Gidauniyar Ford zamanin Darren Walker ta ware dala biliyan 1 a shirin BUILD, tallafin shekara biyar biyar mafi yawansa sakakke, attajira MacKenzie Scott kuma a 2020 ta ba jami'ar Howard miliyan 40 ba sharaɗi. In kuna zama da masu ba ku kuɗi ku daina roƙon sabon shiri, ku ce a ba ku na gudanarwa na shekaru ko da adadin bai kai na da ba, ku kuma fara tara ajiya har ta kai kuɗin wata 6, in Allah ya hore a sa wani abu a matsayin wakafi ana cin ribarsa uwar kuɗin na nan. Sannan ki buɗe bajet ɗinku ki duba, wannan alƙawarin da aka rubuta yana da layinsa da adadi a gabansa? In a shafin intanet kawai yake to duk ranar da aka matsu shi za a fara gogewa.

Ummi_K:
Yaya ni karatun lauya nake, bari in ɗan kare ɗan kwamitin nan naku, tsoronsa ba na banza ba ne. Ranar 29 ga Yuni 2023 kotun ƙoli ta soke la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar Harvard. Mutumin da ya ja ragamar ƙarar, Edward Blum, bai tsaya nan ba, a Agusta ƙungiyarsa ta maka Fearless Fund ta Atlanta a kotu saboda suna ba mata baƙaƙe masu ƙananan sana'o'i tallafin dala 20,000. Abin takaicin da dokar 1866 aka kama su, dokar da aka yi don kare ƴantattun bayi wajen ƙulla yarjejeniya. A Satumbar 2024 suka sasanta aka rufe shirin. Ga kuma umarnin da Trump ya sa wa hannu a Janairun 2025 na soke shirye-shiryen daidaito tsakanin jinsuna, wato DEI.

Amma a rarrabe. Abin da ke jawo ƙara shi ne ki ce tallafin nan baƙar fata kaɗai zai cike fom. Ki faɗi gaskiya cewa baƙaƙe aka fi kora daga gida, ki kawo alƙaluma, ki je majalisar birni ki yi magana, wannan ba wanda ya haramta. Da yawa yanzu sharaɗin shiga suke canjawa, su ce mazauna unguwa kaza ko mai samun ƙasa da kaza, kuma mutanen da ake nufi su ɗin dai ake kaiwa gare su. Ku a Minneapolis ma kuna da hujja a hannu, aikin Mapping Prejudice na jami'ar Minnesota ya tono dubban takardun filaye da aka rubuta ƙarara kar a sayar wa wanda ba Bature ba. Ku samu lauya ya duba takardunku kafin a goge komai.

Baba_Zango:
Ummi na yarda a gyara fom. Amma goge sunan mutane daga bakin ƙungiya ban yarda ba, yau an cire kalma, baɗi sabon ma'aikaci zai zo bai san don wa aka kafa wajen ba. Kuma Maman Hanif ki duba su wa ke zaune a kwamitin nan. In da mutum biyu uku da aka taɓa watso musu kaya waje suna da ƙuri'a a ciki, da wuya wannan shawarar ta wuce salin-alin.

Ɗan_Ƙonni:
Gaisuwa daga Nijar, Hajiya. Namu ba irin na Amurka ba ne amma ciwon ya yi kama, wariya ce ta asali, a ce wane jikan bawa ne. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take faɗa da wannan, lokacin da hukuma ke cewa babu bauta a ƙasar sam. Sunka dage har anka yi dokar 2003 da ta maida bauta laifi, a 2005 anka kulle shugabanta Ilguilas Weila, ba su bari ba. A 2008 kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda anka sayar tana da shekara 12, ta ce gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. Sun samu taimakon Anti-Slavery International ta Ingila, gaskiya ne, amma masu shiga ƙauye suna jin labarin wahaya, matan da aka sayarwa a maida su ƙwarƙwara, ƴan wurin ne, kuma abu guda sunka riƙe ba su canja ba don wani mai kuɗi ya zo da sabon yayi.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sadiq na duba bajet ɗin a daren jiya, babu layin, ko ɗaya. Baba kuma cikin mutum 11 na kwamitin, mutum ɗaya ce ta taɓa zaman haya a unguwannin da muke aiki. Akwai kujeru biyu da wa'adinsu zai ƙare a watan gobe, na riga na kira mata biyu cikin waɗanda muka taɓa tsaya wa a kotu, ɗaya ta amince, ɗayar ta ce sai ta ga yadda za ta yi da aikin dare. Mitin na gaba ranar Alhamis ne, zan roƙi a dakatar da maganar goge kalmar har lauya ya gani. Ummi dan Allah in akwai irin tambayoyin da ya kamata in yi wa lauyan ki rubuto min su kafin Laraba.