Neman kalmar Hausa: me za mu kira sugan da yake hawa kafin gari ya waye?

Mai haɗa magunguna, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Muna shirya 'yar takarda da Hausa wadda za a riƙa ba masu ciwon suga da ke allurar insulin su tafi da ita gida. Mun zo wata gaɓa mun cije. Mutum ya kwanta sugansa lafiya lau, bai sa komai a baki ba cikin dare, da safe ya auna ya tarar da 200 ko fiye. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne abin da likitoci ke ce wa dawn phenomenon da Turanci. Daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa 8 na safe jiki yakan saki wasu sinadarai na shirin farkawa, irin su kotizol da sinadarin girma. Su ne ke sa hanta ta buɗe rumbunta ta zubo suga cikin jini, kuma suna dakushe kaifin insulin. Wanda ba shi da ciwon, jikinsa yakan ƙaro insulin nan take, ba ya ma sanin an yi. Mai ciwon kuwa sai ya gani a na'ura. Sunaye uku ne a gabanmu: hawan asuba, hawan alfijir, sammakon suga. Malamai da ma'aikatan lafiya da masu ɗauke da ciwon, a taimaka mana da shawara.

Malamin Hausa mai ritaya, Kawo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka da wannan aiki. Ni dai hawan asuba na zaɓa. Bahaushe ya riga ya saba da hawan jini, kuma a bakin mutane ana cewa suga ya hau, suga ya sauka, don haka kunne ba zai yi baƙunta ba. Alfijir ketowa yake yi, abu ne na ɗan lokaci, alhali abin da ka kwatanta yana jan awanni. Asuba ta fi shi faɗi, tana ɗaukar tun daga kiran assalatu har gari ya yi haske. Sammako kuma na mai niyya ne, wanda ya shirya tafiya ko zuwa gona. A rubuce ku fara sa shi cikakke, hawan suga na asuba, daga baya baki zai gajarta shi da kansa.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Baba Malam, sunan ya yi daɗi, amma daɗin nasa ne yake ba ni tsoro. Na san mutanenmu. Ranar da suka ji hawan asuba, duk sugan da ya hau da safe sunansa ke nan, kuma abin da zai biyo baya shi ne mutum ya ƙara wa kansa allurar dare ba tare da ya tambayi kowa ba. To akwai wani hawan na safe da asalinsa faɗuwa ce. Da yawa daga cikin marasa lafiyarmu insulin mai gauraye suke yi, irin su Mixtard, kafin abincin dare. Ɓangarensa mai jinkiri yana kai ƙololuwar ƙarfinsa awa huɗu zuwa goma bayan allura, wato daidai lokacin da mutum yake tsakiyar barci. Idan tuwon daren bai kai yadda aka saba ba, ko an wuni ana aikin ƙarfi, suga sai ya faɗi. Wani ya farka jiƙe da gumi, jiki na rawa, wani ya yi mugun mafarki, wani ya tashi da ciwon kai. Da safe kuma na'ura ta nuna lamba mai yawa. Ana danganta wannan da sunan Michael Somogyi, masanin sinadarai ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka. Wanda wannan ne matsalarsa, idan ya ƙara allurar dare, ya jefa kansa cikin haɗari na gaske. Don haka ni roƙona, kada a raɗa wa ɗaya suna a bar ɗayan.

Dattijo mai ciwon suga, Rigasa:
Sista, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya. Ni mai ciwon ne, kuma abin da muke faɗa a tsakaninmu idan mun haɗu a layin ganin likita shi ne suga ya riga ni tashi. Wani lokaci kuma mu ce allura ta sake ni, idan muka ji kamar ƙarfinta bai kai mu safiya ba. Hawan asuba ya shige ni, zan iya faɗa wa likita shi ba tare da kame-kame ba. Tambayata, ta yaya talaka zai gane wanne ne nasa? Tsinken awo ya yi tsada, ba kowa ke iya auna sau huɗu a rana ba.

Likita, Barnawa:
Baba, tambayarka ita ce gaba da komai, kuma maganarka ta allura ta sake ni ta riga ta ba mu suna na uku. Abin da ke raba su awo ne guda a tsakiya. A auna kafin kwanciya, a auna wajen ƙarfe 3 na dare, a auna da farkawa kafin a ci komai, a yi haka dare biyu ko uku a rubuta a takarda. Ba kullum za a yi ba, sai lokacin da ake neman dalili, kuma mai tashi nafila ya riga ya sami sauƙin abin. Idan na ƙarfe 3 daidai yake, sannan ya hau da safe, hawan asuba ne. Idan na ƙarfe 3 ya yi ƙasa da 70, faɗuwar dare ce, a sha abu mai zaƙi nan take. Idan kuwa tun daga kwanciya yake ta hawa a hankali har safiya, ko dai allurar ta saki, ko abincin daren ya fi ƙarfinta. Masu na'urar da ke nuna ƙananan lambobi su lura, 70 shi ne 3.9 a tasu, 200 kuma kusan 11. Da 18 ake rabawa.

Sista, zan ɗan yi gyara a kan Somogyi. Shi ya ce jiki ne da kansa yake mayar da martani bayan faɗuwa har suga ya wuce kima. Tun da aka sami na'urorin da ake maƙalawa a fata suna auna suga dare da rana, an ga cewa hakan bai cika faruwa ba kamar yadda aka ɗauka a da. Sau da yawa wanda sugansa ya faɗi cikin dare yakan wayi gari da shi ƙasa-ƙasa, in kuwa ya hau, galibi tashi ya yi a firgice ya sha lemo ya ci burodi fiye da buƙata. Gargaɗinki dai yana nan daram, faɗuwar dare gaskiya ce kuma tana kisa. Ina so ne kawai sunan da za mu sa ya faɗi abin da aka gani, kada ya yanke hukunci kan dalili.

Malamin Hausa mai ritaya, Kawo:
To ga shawara a kan na biyun: hawan ramuwa. Suga ya faɗi, ya tashi ya rama.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Baba Malam, a gafarce ni, ramuwa za ta rikita mana mutane. Masu ciwon suga da yawa da rama suka fara zuwa asibiti, jiki ya zube, ga yawan fitsari da ƙishirwa. Idan suka ji hawan ramuwa za su ɗauka hawan da ke sa mutum ya rame ake nufi. Ga kuma ramuwar azumi. Kuma Likita ya ce kada suna ya yanke hukunci kan dalili, alhali kalmar ta riga ta nuna cewa jiki ne ya rama. Me zai hana mu ce hawan bayan faɗuwa? Ya fi tsawo, amma duk wanda ya furta shi ya tuna cewa an faɗi tukuna.

Malamin Hausa mai ritaya, Kawo:
Kin fi ni hujja, 'yata. Na karɓa.

Likita, Barnawa:
Ni ma na goyi baya. Sai dai ina roƙon mai takarda ya bar fili ga abubuwan da ba su da alaƙa da asuba ko kaɗan, domin a Kaduna su na fi cin karo da su. Na farko zafi. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a yarda ya daskare ba. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kusan mako huɗu matuƙar zafi bai haura digiri 30 ba, wasu nau'o'in ma 25 aka rubuta a kwalinsu. A watan Maris da Afrilu ɗakunanmu suna wuce haka nesa ba kusa ba, ga wuta ba ta tsayawa. Kwalbar da ta sha zafi tana nan kamar lafiyayya a ido, amma ƙarfinta ya ragu. Wanda ba shi da firji ya sa ta cikin leda ko gwangwani mai murfi, ya ajiye a tukunyar ƙasa da ke cikin wata tukunyar, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa. Dabarar nan ce ta sa Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Na biyu, kullutun da ke fitowa a ciki ko cinya saboda yin allura wuri ɗaya kullum. Mutane suna son wurin don ba ya zafi, amma insulin ba ya shiga jini yadda ya kamata daga nan. Wanda ya koma sabon wuri ya sa ido sosai, domin adadin da ya saba zai iya yi masa yawa. Sai insulin mai fari-fari da ba a murza shi a tafin hannu ya gauraya ba kafin a ja. Sai rashin lafiya, zazzaɓi ko ciwon haƙori ko gyambon ƙafa, duk suna ɗaga suga. Sai magunguna irin su dezametazon da firednisolon, waɗanda wasu ke sha don ciwon gaɓoɓi ko neman ƙiba ba tare da sun gaya mana ba.

Mai haɗa magunguna, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, iyayena da abokan aiki. A takardar za mu sa hawan asuba, hawan bayan faɗuwa, da sakin allura, wanda muka aro daga bakin Baba na Rigasa. Ƙarƙashinsu za mu rubuta da manyan baƙaƙe: kada ka ƙara ko ka rage allurar dare sai ka auna na ƙarfe 3 ka kai wa likitanka lambobin. Abubuwan da Likita ya lissafa za su zo a bayan shafin.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Yayana, a ƙara layi ɗaya don Allah. Idan suga ya haura 250 ya ƙi sauka, ga amai ko ciwon ciki ko numfashi sama-sama ko magagi, ba a jiran awon dare. A kai mutum asibiti a lokacin, ko da ƙarfe nawa ne.