Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Classic Literature" Da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da ya kamata mu nema mata gida tun kafin bakinmu ya saba da aro. Ɗalibai da yawa yanzu a YouTube suke bitar adabi, kuma ina fata nan ba da jimawa ba wasu daga cikinmu za su shirya irin waɗannan darussa da Hausa. Duk wanda ya zo raɗa wa shirinsa suna, sai ya yi karo da abin da Turawa ke kira classic literature, wato ayyukan adabi nagari da ake ci gaba da karantawa zamani bayan zamani.

Shirin da na fi sani shi ne Crash Course, wanda wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, John Green da Hank Green, suka fara a 2012. John ne ya riƙe ɓangaren adabi. Yana zaune gaban tebur, yana magana da sauri, zanen katun yana nuna abin da yake faɗa, cikin 'yan mintuna ya warware maka littafi. Ya bi ta kan Odyssey na Homa, da Hamlet na Shakespeare, ya kuma ware kashi biyu ga Things Fall Apart na Chinua Achebe, inda ya tsaya kan yadda tsoron kama da mahaifinsa ya ja Okonkwo, tauraron labarin, ga halaka. To ku duba: waƙar Girkawa mai shekaru kusan dubu uku da littafin ɗan Najeriya na 1958 sun shiga jeri ɗaya. Dole kalmarmu ta ɗauke su duka biyun.

Shi ya sa "tsohon adabi" da "adabin dauri" ba su yi mini ba. Tsufa kaɗai ba ya kai littafi wannan matsayi. Akwai littattafai birjik da aka buga shekara ɗaya da na Achebe, yau ko sunansu ba a tunawa.

"Adabin gargajiya" kuwa yana da mai shi. A azuzuwan Hausa, da an faɗe shi hankali zai tafi ga tatsuniya da karin magana da kirari da waƙoƙin baka. Idan muka cusa Shakespeare a ciki mun rikita ɗalibi. "Fitattun littattafai" ma bai isa ba, domin littafin da ya fito bana ana rububinsa fitacce ne, amma baɗi wa ya san makomarsa?

Wadda ta fi jan raina ita ce bakandamiya, kuma na san da yawanku ita za ku kawo. Kalma ce mai nauyi, tamu ce tsantsa, kowa ya san Bakandamiyar Narambaɗa da ta Shata. Sai dai bakandamiya ita ce waƙar da mawaƙi ya zuba iyakar fasaharsa a ciki, ya wasa kansa, ya nuna wa abokan sana'a inda ya kai. Mawaƙi ɗaya, bakandamiya ɗaya. Shi kuwa abin da muke nema wa suna, ba marubucin ne ke yanke hukunci a kansa ba. Jikoki da tattaɓa-kunne ne, su ne za su ci gaba da karantawa ko su watsar. Kuma mutum ɗaya yana iya barin irinsa biyu ko uku: Abubakar Imam ya bar Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933, ya kuma bar Magana Jari Ce. Mu bar wa bakandamiya aikinta na nuna gwanintar gwani, kada mu ɗora mata kayan da ba nata ba.

Ita kanta kalmar Turancin daga Latin take. Rumawa sun kasa 'yan ƙasa aji-aji gwargwadon dukiya, 'yan ajin farko su ake kira classici. A ƙarni na biyu wani marubuci, Aulus Gellius, ya ari kalmar ya kira marubuci na ƙwarai da ita. Wato asalinta daraja ce, daga baya ma'anar daɗewa ta shigo. Muna buƙatar kalmar da ta haɗa nagarta da jure zamani.

"Dauwamammen adabi" ya kusa, amma kunnen Bahaushe ya saba jin dauwama a wajen siffanta Ubangiji da zancen Lahira. Ba na jin daɗin jingina ta ga aikin ɗan Adam.

Shawarata ita ce adabi mai ƙarko.

Ku tuna mace a Kantin Kwari tana zaɓen atamfa. Ta murza bakin zanen tsakanin yatsu, ta ja shi, ta ɗaga shi ga haske, sannan ta tambayi mai shago, "Alhaji, zai yi ƙarko kuwa?" Ba shekarun zanen take tambaya ba. So take ta ji ko zai sha wanki da rana da ɗauri, launinsa bai koɗe ba. Ƙarko ba ya samuwa sai da nagarta, kuma ba ya tabbata sai an yi amfani da abu an daɗe. Imfiraji na Aliyu Namangi ya yi ƙarko, har yau ana rera shi a tituna da rediyo. Maƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya yi ƙarko, ga shi ana biya shi a zaurukan malamanmu.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne kalmar tana lanƙwasuwa. Za ka ce "rubuce-rubuce masu ƙarko", ka ce "waƙar nan za ta yi ƙarko", malami ya tambayi aji, "Me ya jawo ƙarkon wannan labari?" Ɗan firamare da tsohuwa a ƙauye duk za su gane ba tare da an yi musu sharhi ba.

Rauninta ɗaya na gani. Idan ka ce "littafi mai ƙarko" kai tsaye, wani zai zaci bango da takarda kake yabo. Maganinsa shi ne a jingina ta ga adabi, ko rubutu, ko labari, ko waƙa. Sunan shiri kuma sai ya zama "Darussan Adabi Mai Ƙarko", kashi na ɗaya, kashi na biyu, haka har ƙarshe.

Malamanmu na sassan Hausa a jami'o'i, da 'yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Sakkwato, ina son jin ta bakinku. Shin ƙarko yana da wannan ma'ana a karin harshenku? In kuma akwai kalmar da kuka riga kuka saba da ita a aji, ku kawo ta mu gwada ta a cikin waɗannan jimloli.